Littafin rajistar sana'ar Mma, Aboabo, Kumasi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta abin da ya gudana a ƙoƙarin da nake yi na shigar da sana'ar mahaifiyata cikin doka. Fiye da shekara ashirin ke nan Mma tana daka yajin tsire, tana toya ƙuli-ƙuli, tana matsar man gyaɗa a tsakar gidanmu da ke Aboabo, kuma a tsawon wannan lokaci takardun hukuma da ta sani ba su wuce tikitin kasuwa da 'yar takardar harajin nan da ƙananan masu sana'a ke saye duk bayan wata uku ba. Abin da ya tayar da maganar shi ne wani babban kanti a Adum, unguwar kasuwanci ta tsakiyar Kumasi, da ya ɗanɗana yajin, ya ce yana so a riƙa kai masa a cikin kwalabe, amma da sharaɗi uku: takardar rajistar sana'a, lambar biyan haraji, da lambar amincewar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna. Ba mu da ko ɗaya a hannu. Na ware sidi 3,000 daga albashina na koyarwa domin wannan aiki, kuma zan rubuta duk abin da ya fita daga ciki.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun zauna da Mma da Yaya da ƙanena bayan sallar la'asar domin mu tsayar da irin rajistar da za a yi. Hanyoyi uku ne a gabanmu. Akwai rajistar sunan sana'a ta mutum ɗaya, wadda dokar 1962 mai lamba 151 ta tanada, kuma ita ce mafi sauƙi, sai dai doka ba ta bambanta mai sana'ar da sana'ar, ta yadda idan bashi ya hau kan yaji ana iya bin mai yajin har cikin ɗakinta. Akwai rajistar haɗin gwiwa tsakanin mutum biyu ko fiye. Sannan akwai kamfani sosai a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019 mai lamba 992, wanda yake bukatar daraktoci biyu aƙalla da sakatare da mai binciken lissafi, ga rahoton da ake miƙawa duk shekara, ga harajin kamfani na kashi 25 cikin 100 na riba. Yaya ya fi son kamfani saboda kwarjininsa, ni kuwa na ga cewa albashin mai binciken lissafi kaɗai zai cinye ribar ƙuli-ƙuli ta wata biyu ko uku.

An tsaya a kan rajistar mutum ɗaya, da sunan Mma, tunda guminta ne. Daga nan ne maganar ta yi nauyi, domin sai da na faɗi abin da ba a son faɗa a gaban uwa, cewa irin wannan rajista tana rataye ne da ran mai ita. Na ƙara da cewa a ƙasar nan wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar gado ta 1985 ce kotu za ta bi wajen rabon dukiyarsa, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, saboda haka mai son a raba nasa bisa shari'a sai ya rubuta hakan tun yana da rai. Mma ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ke, rajista kika zo yi mini ko likkafani kika zo auna mini?" Yaya ya harare ni. Ban sake tayar da zancen ba, amma na rubuta shi a nan domin kada ya ɓace.

Laraba, 22 ga Janairu

Lambar haraji ba ta ba mu wahala ba, domin tun watan Afrilun 2021 lambar da ke jikin Katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ita ce lambar harajin kowane mutum. Na kuma ɗauko adireshin gidanmu na GhanaPost GPS daga waya. Na lura cewa sunan Mma ya sha bamban a wurare uku, a kan kati da layin momo, wato asusun kuɗi na waya, da tsohon littafin banki, kuma na yanke shawarar bin rubutun katin harafi bayan harafi a kowace takarda.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yau na tabbatar da asarar farko, kuma laifina ne. Makonni biyu da suka wuce wata maƙwabciya ta haɗa ni da wani matashi daga cikin dillalan takardu da mutanen ƙasar nan ke kira goro bois, sunan da ba sai an faɗa wa Bahaushe inda ya samo asali ba. Ya ce in ba shi sidi 450 da hoton katin Mma, cikin kwana biyar zai kawo takardar rajista har gida ba tare da na bar aji na je na bi layi ba. Na ba shi, kuma a rana ta shida ya aiko mini da hoton takarda ta WhatsApp, mai hatimi da sa hannu, ya ce ainihin takardar tana tafe. Da na ga kwanaki suna wucewa sai na nemi izini a makaranta na je da kaina ofishin magatakardar kamfanoni, na roƙi a duba mini sunan a cikin rajista. Babu shi, kuma lambar da ke jikin hoton ba ta da alaƙa da mu. Tun daga jiya wayar matashin a kashe take.

Kuɗin ba su ne suka fi damuna ba. Abin da ya hana ni barci shi ne hoton katin Mma da ke hannun mutumin da ban san gidansu ba, alhali wannan kati shi ne mabuɗin layin waya da asusun banki da haraji gaba ɗaya. Na kai rahoto wurin 'yan sanda domin a sami shaida a rubuce idan wani abu ya biyo baya, na kuma sa Mma ta sauya lambar sirrinta ta momo. Maƙwabciyar ta zo ta yi ta rantse-rantse cewa ita ma ta hannunsa ta yi wata takarda, na ce mata ta je ta duba tata.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na cike fom da hannuna, Mma ta dangwala, an binciki sunan an ga babu mai shi, na biya kuɗin hukuma na karɓi rasit. Abin da na biya bai kai rabin abin da dillalin ya karɓa ba. Mota da kwafe takardu, sidi 64.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Takardar rajista ta fito ranar Litinin, kuma an tunatar da ni cewa ana sabunta ta duk shekara. Yau muka je ofishin GRA, hukumar tattara haraji, ni da Mma, domin a buɗe wa sana'ar fayil. Jami'ar da ta karɓe mu ta yi wa Mma tambaya guda ɗaya wadda ta tsayar da komai: nawa kike sayarwa a wata, kuma nawa kike kashewa? Mma ta amsa da cewa Alhamdu lillahi, ana samun na rufin asiri. Jami'ar ta yi murmushi ta bayyana mana cewa mai sana'a shi ne yake ƙiyasta ribar da zai samu a shekara, ya biya harajin a kaso huɗu, a ƙarshen Maris da Yuni da Satumba da Disamba, sannan ya miƙa cikakken bayani kafin ƙarshen Afrilun shekara mai zuwa. A kan riba ake biya, ba a kan ciniki ba, amma duk kuɗin da mutum ya ce ya kashe sai ya nuna shaidarsa, in kuwa ba shi da lissafi hukuma tana da ikon ƙiyasta masa da kanta. Ta kuma ce doka ta bukaci a adana takardun lissafi har shekara shida.

A cikin mota muna dawowa na fahimci cewa na fara aikin nan ta wutsiya. Na ɗauka wahalar tana ofisoshi, ashe tana cikin gwangwanin madara da ke ƙarƙashin gadon Mma. A cikinsa kuɗin yaji suke shiga, daga cikinsa kuma ake ɗibar na cefane da na makarantar jikoki da zubin adashi da gudummawar suna da ta biki da sadakar Juma'a, sannan abin da ya rage a sayi gyaɗa. Ba a taɓa yin ɓarna ba, amma babu mai iya cewa ga riba ga uwar kuɗi, har ita kanta. Doka kuwa ba ta lissafa cefanen gida a cikin kuɗin da sana'a ta kashe, komai halaccinsa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na sayi littattafai biyu, na shiga da na fita, da ɗan littafin rasit mai kwafi, sidi 55. Mun yi yarjejeniya cewa kowace Asabar za a cire wa gida sidi 600 a rubuta shi a matsayin abin da mai sana'a ta ɗauka, kuma daga cikinsa za a yi duk wata hidima. Matsalar da ta rage ita ce matan da muke sayen gyaɗa da barkono da citta a hannunsu, waɗanda suke auna olonka, wato gwangwanin awo, su karɓi kuɗi ba su san rasit ba. Daga yau za mu riƙa biyansu ta momo, mu rubuta takardar biya mai kwanan wata da yawan buhu, mai kaya ta dangwala.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Takardar izinin gudanar da sana'a daga majalisar ƙaramar hukuma ake karɓarta, kuma na ɓata rabin yini saboda na nufi ta Kumasi, alhali Aboabo tana ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong. Ita ma duk shekara ake biya, kuma kuɗinta daban ne da harajin GRA, abin da na sha wahala kafin Mma ta yarda da shi. Ita da mata biyun da ke taya ta aiki sun yi gwajin lafiya na masu taɓa abinci.

Litinin, 10 ga Maris

Tsakar gida ba za ta samu amincewar hukumar abinci ba, domin awaki suna ratsa ta kuma a nan ake wanki, saboda haka muka nemi hayar ɗakin shago da ke ƙofar gidan Maigida, dattijon da ya sauki mahaifinmu lokacin da ya fara zuwa Kumasi. Ya ce sidi 300 a wata, a biya shekara biyu gaba ɗaya, kuma babu zancen takarda tsakaninsa da 'ya'yan amininsa. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa a garin nan ya san yadda ake yi, kuma ba ni ce zan kai mutumin da ya yi mini huɗuba ƙara ofishin kula da haya ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ba don rashin yarda ba ne, hukuma ce ba za ta karɓi maganar baki ba, in babu takarda kuɗin hayar nan ba za su shiga lissafi ba."

Da na kawo zancen harajin haya, wanda yake kashi 15 cikin 100 a kan wurin kasuwanci, kashi 8 a kan gidan zama, sai fuskarsa ta sauya, ya ce shi bai gina ɗaki domin gwamnati ta ci ba. Harajin nasa ne a doka, amma ɗan haya mai sana'a shi ake sa ran ya cire ya miƙa. Bayan an sha ruwa Yaya ya koma ya same shi shi kaɗai, kuma suka daidaita a kan shekara ɗaya, da takarda mai shaidu biyu, sannan mu ɗauki nauyin harajin ta hanyar ɗaga hayar da aka rubuta yadda bayan an cire zai karɓi ɗari ukunsa cif. Ban ji daɗin wannan ba, domin mun biya abin da ba namu ba, amma na fi son tsada mai rasit a kan araha marar shaida. Kuɗin sun fito daga adashin Mma, ba daga dubu ukuna ba.

Asabar, 22 ga Maris

Jiya gobara ta cinye shaguna masu yawa a Adum, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu sayen yajinmu. Allah ya mayar musu da alheri. Wata daga cikinsu ta ce mini har littafin masu bashinta ya ƙone. A daren nan na ɗauki hoton kowace takarda da kowane shafi na lissafi na adana a intanet, kuma na sa tambayar inshorar gobara cikin abubuwan da zan bincika bayan salla.

Juma'a, 28 ga Maris

Lissafin mako biyar ya nuna cinikin kusan sidi 11,400 a wata, kodayake azumi ya ɗaga shi. Ko da an ninka shi sau goma sha biyu bai kai sidi 200,000 da ke wajabta rajistar harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa, a shekarar 2025 ba. Na miƙa ƙiyasin riba, na biya kason farko. Wannan ne karo na farko da Mma ta ji adadin abin da take samu, ta sa na maimaita mata sau biyu, sannan ta ce man gyaɗa ashe wahala kawai yake ba ta.

Talata, 8 ga Afrilu

Asara ta biyu. Tun kafin salla na yi gaggawar buga takardun manna wa kwalabe guda 1,000 a kan sidi 700, da hoton tsire da sunan sana'a da lambar waya, na ɗauka na gama. Da na kai samfuri ofishin FDA aka nuna mini abin da doka ke bukata a jikin kowace kwalba: jerin kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, nauyin abin da ke ciki, lambar rukunin da aka haɗa, ranar haɗawa da ranar da zai daina amfani, da cikakken adireshin mai yi, duka da Turanci. Nawa ba su da ko rabin wannan, kuma ban rubuta cewa akwai gyaɗa a ciki ba, alhali akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta. Takardun dubu sun zama na kunna gawayi.

Na samu sauƙi ta wani ɓangaren, domin hukumar tana da tsarin lasisi mataki-mataki na ƙananan masu sarrafa abinci, mai launi uku, ruwan hoda da rawaya da kore, yadda ba sai mutum ya gina masana'anta kafin a saurare shi ba. Za a zo a duba ɗakin, kuma za a gwada samfuri a ɗakin gwaji, musamman saboda gubar nan ta afulatoksin da ke fitowa a gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna. Mma ta ce ita tun tana yarinya take tsince baƙar gyaɗa, na ce yanzu sai a rubuce za a yarda. Ana bukatar ragar sauro a taga, da katakon ɗora buhuna domin kada su taɓa ƙasa, da wurin wanke hannu. Kafinta ya yi kuɗi sidi 520. Abin da ya rage daga dubu uku bai kai ya biya gwajin ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Kawu ya zo daga Maraɗi, ya ga ɗakin, ya ce zai zuba kuɗi a raba riba. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa shigar wanda ba ɗan ƙasa ba cikin mallakar sana'a tana da dokarta daban, wato dokar zuba jari ta 2013 mai lamba 865, wadda ta keɓe wa 'yan Ghana kasa kaya a kasuwa da talla da ƙaramin ciniki, ta kuma haramta wa ɗan ƙasa ya ba da sunansa a fake da shi. Mutanen Zongo sun ga yadda aka rufe shagunan baƙi a garin nan kan wannan batu, kuma rajistar Mma ta mutum ɗaya ce, ba ta da gurbin abokin tarayya. Kawu ya ce, "'Yata, yanzu tsakanina da yayata sai an sa iyaka?" Malam, wanda ya zo gaishe shi, shi ya raba gardamar da ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani ita ce wadda ta yi umarni a rubuta bashi. An tsaya a kan rance marar ruwa na sidi 4,000, a biya cikin wata goma, aka rubuta, shaidu biyu suka sa hannu.

Talata, 29 ga Afrilu

Na zauna a kan batun mata biyun da ke aiki da Mma, waɗanda ake ba kowace sidi 700 a wata. Wannan ya haura mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma sidi 19.97 a rana daga farkon Maris na 2025. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce wanda zai yi aikin wata shida ko fiye a rubuta masa yarjejeniya, kuma yana da hutun kwana 15 na aiki a shekara. Dokar fansho ta 2008 kuma ta ɗora wa mai aiki kashi 13, ma'aikaci kashi 5.5. A kan sidi 700, Mma za ta ƙara 91, a cire wa ma'aikaciya 38.50, sannan harajin albashi ya kama 11.65, tunda sidi 490 na farko ba a taɓa su. Kuɗin SSNIT, wato hukumar fansho, ana biyansu kafin 14 ga wata mai bi, na harajin albashi kafin 15.

Ɗaya daga cikinsu ta amince nan take. Ɗayar ta ce a ba ta kuɗinta cif, tsufa na hannun Allah. Mma ta ce ba za ta rage wa marainiya ko pesuwa ba, saboda haka za a ɗaga albashinsu yadda abin da ke shiga hannu ba zai ragu ba, kuma sai na sake lissafin farashin kwalba.

Litinin, 12 ga Mayu

Wani otal ya karɓi yaji na sidi 6,000 domin kicin ɗinsa, kuma da aka biya ta sabon asusun banki na sana'a sai muka ga 5,820. Mma ta ɗauki mayafi za ta je ta ji dalili, na riƙe ta na bayyana mata cewa kamfani idan ya sayi kaya na sama da sidi 2,000 doka ta sa ya riƙe kashi 3 cikin 100 ya miƙa wa GRA da lambar mai kaya, kuma waɗannan sidi 180 za a rage su daga harajinta idan muka karɓi takardar shaidar riƙewa. Ta ce ba za ta gaskata ba sai ta ga takardar, kuma akawun otal ɗin ya ce in koma ranar Juma'a.

Samfurin yaji da na ƙuli-ƙuli suna ɗakin gwaji, ba a sa ranar duba ɗaki ba tukuna, kantin Adum kuwa yana nan yana jiran lamba. Ba zan sake buga takardar kwalba ba sai an amince da zanen. Kaso na biyu na haraji zai kama a ƙarshen Yuni, kason farko na rancen Kawu a ƙarshen wannan wata. A daren jiya, muna rufe littafi, Mma ta tambaye ni ko lauyan da ke rubuta wasiyya yana zuwa gida ne ko sai an je ofishinsa, na ce zan tambaya gobe idan na tashi daga makaranta.